Jalinus

Jalinus (an haife shi a shekarar 129 miladiyya, ya rasu wajen shekarar 216) likita ne Bagirke, masanin fiɗa da falsafa, wanda ya rayu a ƙarƙashin Daular Rum. Sunansa da Girkanci Galenos, Turawa suna ce masa Galen, Larabawa kuma suka mayar da sunan Jalinus. Ya yi wa sarakunan Rum aikin likita, kuma littattafansa su ne tushen karatun likitanci a ƙasashen Musulmi da na Turai fiye da shekara 1,300. Da yake ba a fiɗar gawar mutum a zamaninsa, yawancin abin da ya sani game da jiki daga dabbobi ya samo shi, musamman birai da aladu da awaki. Yana cikin mutanen farko da suka ciyar da dabba da gangan, suka jira wasu sa'o'i, sannan suka buɗe cikinta don su ga yadda tumbi da hanji suke motsi in akwai abinci a cikinsu.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Jalinus a birnin Fergamon, inda garin Bergama yake a yau a yammacin Turkiyya. Birnin ya yi suna da babban ɗakin karatu da kuma wurin bautar Asklefiyos, abin bautar Girkawa na waraka, inda marasa lafiya suke kwana suna jiran a nuna musu magani a mafarki. Mahaifinsa Nikon attajiri ne mai zanen gine-gine, kuma shi ya fara koya masa lissafi da manɗiƙi. Jalinus ya yabi mahaifin nan a littattafansa da haƙuri da adalci. Mahaifiyarsa kuwa ya bayyana ta a matsayin mace mai zafin rai, wadda har cizon bayinta takan yi.

Yana da shekara 14 ya fara karatun falsafa a wurin malaman makarantu huɗu da ake ji da su a lokacin, ciki har da mabiya Aflatun da mabiya Aristo. Wajen shekara 16 mahaifinsa ya yi mafarkin da ya sa ya tura shi koyon likitanci. Bayan rasuwar mahaifin, wajen shekarar 148, ya gaji dukiyar da ta ishe shi yawon neman ilimi. Ya je Simirna, wato Izmir ta yau, ya wuce Korinti, daga nan ya sauka Iskandariyya ta ƙasar Masar, inda ya yi shekaru. A can ne likitoci biyu, Herofilus da Erasistiratus, suka taɓa fiɗar gawar mutane kimanin shekara 400 kafin zuwansa. An daina wannan tuni, amma malaman birnin suna koyarwa da ƙasusuwan mutum na gaske, kuma daga baya Jalinus ya riƙa shawartar ɗalibai su je can ko don wannan kaɗai.

Likitan mayaƙan fage

A shekarar 157 ya koma Fergamon, aka naɗa shi likitan mayaƙan fage, wato bayi da fursunonin da ake sa su faɗa da makamai don jama'a su yi kallo. Ya ba da labarin cewa ya nuna cancantarsa ne ta hanyar farke cikin biri a gaban manyan gari, ya ƙalubalanci sauran likitoci su mayar da hanjin su ɗinke, da suka kasa sai ya yi da kansa. Ya riƙe aikin kimanin shekara huɗu.

Raunukan takobi da mashi su ne suka ba shi damar leƙa cikin jikin mutum mai rai. Wani mayaƙi da aka soka a ciki, sai da Jalinus ya yanke masa yawancin tantanin kitsen nan da ke lulluɓe hanji. Mutumin ya warke, amma ya zama mai yawan jin sanyi a ciki, kullum yana naɗe shi da ulu. Jalinus ya ɗauki wannan a matsayin shaida cewa aikin tantanin shi ne ɗumama tumbi. Ya kuma lura da abincin mayaƙan, wanda yawancinsa faten sha'ir ne da wake, ya ce yana sa ƙiba amma naman jiki ba ya yin tauri.

A birnin Rum

Ya isa birnin Rum a shekarar 162. Sunansa ya fara fita ne da ya warkar da wani dattijo masanin falsafa mai suna Yudemus daga zazzaɓi mai dawowa, bayan ya faɗi ranakun da ciwon zai taso da ranar da zai sauka. Wani babban ɗan majalisa, Filabiyus Boyetus, ya zama uban gidansa, kuma ya ba shi kuɗin zinariya 400 da ya warkar masa da mata.

Boyetus ne ya shirya masa taron da aka fi tunawa da shi, ya tanadi aladu da 'yan awaki. A irin wannan taro Jalinus yakan ɗaure alade a kan katako, ya tsaga wuyansa yana ta ihu, ya nemo wasu siraran jijiyoyi biyu a gefen maƙogwaro ya ɗaure su da zare. Nan take ihun ya ɗauke, alhali dabbar tana numfashi tana fafutika. In ya kwance zaren murya ta dawo. Da yake ya bi sawun jijiyoyin har zuwa ƙwaƙwalwa, sai ya kafa hujja da su cewa ƙwaƙwalwa ce ke sarrafa murya da motsi, saɓanin mabiya Aristo da suka ce zuciya ce. Ya fi son alade da akuya a irin wannan aiki saboda ƙarfin muryarsu, kuma ya faɗa a fili cewa fuskar biri ba ta da daɗin kallo in ana yanka shi da rai. Babu maganin kashe zafi a duk waɗannan gwaje-gwaje.

Jalinus mutum ne mai son gardama, ba ya raga wa abokan sana'a, kuma ya tara maƙiya da yawa. A shekarar 166 ya bar Rum ba zato ya koma gida, a daidai lokacin da wata babbar annoba ta shigo daular tare da sojojin da suka dawo daga yaƙin gabas. Shi dai ya ce makircin likitoci ne ya kore shi. A shekarar 168 sarakuna biyu da ke mulki tare, Markus Aureliyus da Lusiyus Ferus, suka kira shi sansanin soja a Akwileya, arewacin Italiya, inda annobar ta yi ɓarna a cikin hunturu. Ferus ya mutu a farkon 169. Markus ya so ya tafi da shi fagen yaƙi, amma Jalinus ya kawo uzurin cewa Asklefiyos ya hana shi a mafarki, sai aka bar shi ya kula da lafiyar yarima Komodus. A shekarun nan na zama wuri ɗaya ya rubuta manyan littattafansa.

Gwajin aladu da motsin tumbi

Cikinsu akwai littafi mai kashi uku a kan ƙarfin da halitta ta sa wa gaɓoɓi, wanda Larabawa suka fassara da sunan Al-Ƙuwa al-Ɗabi'iyya. A ciki ya ce kowace gaɓa tana da ƙarfi huɗu: na jawo abin da ya dace da ita, na riƙe shi, na sauya shi, da na ture abin da ya rage. Likitocin Larabawa sun kira su jaziba, masika, hadima da dafi'a. Tumbi ne babban misalinsa, domin a nan ne ake iya ganin duka huɗun da ido.

Tambayar da ya sa gaba ita ce me ke tsare abinci a tumbi na tsawon sa'o'i. Wasu likitoci suna cewa ƙofar tumbi ta ƙasa ce ƙarama, don haka abinci ba ya wucewa sai ya zama ruwa-ruwa. Erasistiratus kuma ya koyar da cewa narkewar abinci niƙa ce kawai, tumbi yana murza abinci har ya yi laushi. Jalinus ya ƙi yarda da duka biyun. Game da ƙanƙantar ƙofa, ya tunatar da cewa mutane da yawa suna haɗiye ƙwallon 'ya'yan itace ya fita lafiya, ya kuma kawo labarin wanda ya haɗiye zoben zinariya da wanda ya haɗiye tsabar kuɗi, duk suka fitar da su a bayan gida ba tare da wahala ba.

Sai ya koma kan aladu. Yakan dama garin alkama da ruwa, kamar kunu, ya ba su su sha su ƙoshi, ya bar su sa'a uku ko huɗu, sannan ya buɗe cikinsu. Dabarar gwajin tana cikin zaɓin abincin: kunun ya riga ya zama ruwa-ruwa tun kafin a sha, saboda haka in laushi ne kaɗai sharaɗin wucewa, da tuni ya gangara hanji. Amma kullum sai ya tarar da shi a tumbi. Ya ce ya maimaita wannan sau da yawa, ya kuma gayyaci mai karatu ya gwada da kansa. Abin da ya fahimta shi ne tumbi yana riƙe abinci har sai ya gama sauya shi, kuma sauyawar daban take da laushi, tunda ana iya tausasa abinci tun a waje.

Ya kuma bayyana abin da yake gani in ya tsaga tantanin cikin dabba mai rai. Hanji dai kullum yana motsi, yana matse abin da ke cikinsa yana tura shi gaba kamar ana tatsa. Tumbi kuwa hali biyu gare shi. In bai daɗe da karɓar abinci ba, yakan rungume shi ta kowane gefe ya tsaya cik, har ka ce shi da abincin abu ɗaya ne, ƙofar ƙasa kuma a rufe gam. Ya kwatanta wannan da yadda bakin mahaifa yake rufe a kan ɗan tayi. In narkewa ta kammala sai ƙofar ta buɗe, tumbin ya shiga motsin tatsa irin na hanji. Sunan ƙofar da Girkanci yana nufin mai tsaron ƙofa, shi ya sa Larabawa suka kira ta bawwab.

Daga nan ya yi bayanin ƙugin ciki. A ganinsa, tumbi mai ƙarfi yana rungume abinci ko da kaɗan ne, ba ya barin fili. Mai rauni kuwa yakan bar sarari tsakaninsa da abin da ke ciki, ruwa ya riƙa kai da komo yana ƙara, kuma irin wannan tumbi ba ya narkar da abinci da kyau. Ita kanta narkewar ya ɗauke ta a matsayin dahuwa: tumbi tukunya ce, hanta da saifa da tantanin kitse kuma su ne wutar da ke kewaye da ita. Abin da ya dahu sai jijiyoyi su kai shi hanta, can ya zama jini.

Ya danganta kowane motsi da yadda zaren tsoka ya kwanta a bangon gaɓa. Zaren da ya miƙe a tsaye na jawowa ne, wanda ya kewaya na turawa, wanda ya karkace na riƙewa. Ya ce bangon tumbi rufi biyu ne, na ciki mai miƙaƙƙen zare, na waje mai kewayayye, hanji kuma duka rufinsa biyu kewayayyu ne tunda aikinsa turawa ne kawai. A nan ya kauce, domin a hanji tsoka mai kewayawa ce a ciki, miƙaƙƙiya kuma a waje. Amma ya gane cewa jijiyoyi masu yawa suna saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa bakin tumbi, ya ce ta hanyarsu ake jin yunwa. Daga wannan babbar jijiya ce reshen da ya ɗaure a wuyan alade ya fito.

Wannan ilimi ya yi masa rana a fada. Wata rana Markus Aureliyus ya kwana da murɗar ciki da gudawa, likitocinsa suka ce zazzaɓi ne ke tasowa. Jalinus ya taɓa bugun jininsa ya ce babu zazzaɓi, abinci ne ya yi wa tumbi nauyi ya kasa sarrafa shi. Ya ce in talaka ne zai ba shi giya da masoro, amma sarki ya isa a ɗora masa ulu da aka jiƙa da man nardi mai ɗumi a kan bakin tumbi. Sarkin ya sa aka ɗora ulun, ya kuma sha giyar da masoron, ya samu sauƙi. Labarin daga bakin Jalinus kansa ya fito, kuma kamar sauran labaran da ya bayar na jinya, shi ne gwani a ciki.

Ƙarshen rayuwa

A shekarar 192 gobara ta cinye Haikalin Salama da rumbunan da ke kusa da shi a Rum. Jalinus ya yi asarar littattafai da magunguna da kayan fiɗa da ya ajiye a can. Ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa a kan yadda ya jure asarar ba tare da baƙin ciki ba. An ɗauka wasiƙar ta ɓace, sai a shekarar 2005 aka gano kwafinta a wani gidan ibadar Kirista da ke Tasalonika a ƙasar Girka. Ya ci gaba da aiki a fada har zamanin Septimiyus Seferus, wanda yake haɗa wa tiryaƙi, maganin dafi mai haɗi da yawa.

Wani kundin Girkanci na ƙarni na 10 ya ce ya rasu yana da shekara 70, wato wajen 199. Marubutan Larabawa kuwa sun ce ya kai 87, shekara 17 yana yaro da ɗalibi, 70 yana malami. Yawancin masana tarihi na yanzu sun fi karkata ga lissafin Larabawa.

Littattafansa a hannun Musulmi da Turawa

A Bagadaza, Hunainu ɗan Is'haƙa (ya rasu 873), likita Kirista, ya lissafa littattafan Jalinus 129 a wata wasiƙa, kuma shi da ɗalibansa suka fassara mafi yawansu zuwa Suryananci da Larabci. Littafinsa na hanyoyin fiɗa kashi 15 ne, amma daga tsakiyar kashi na tara zuwa ƙarshe da Larabci kaɗai ya tsira. Ibn Sina ya gina Al-Ƙanun a kan tsarinsa na ruwayen jiki huɗu, wato jini, majina, safra'u da sauda'u, tare da rarraba abinci da cuta zuwa mai zafi, mai sanyi, mai danshi da busasshe. Littattafan magani na Larabci da suka iso ƙasar Hausa suna ɗauke da wannan tsari, misali Ar-Rahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma da ake jingina wa Suyuɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ma ya yi rubuce-rubucen magani da Larabci, ciki har da ɗaya a kan basir da ɗaya a kan wanke ciki da filasko.

Ba duk abin da ya faɗa aka haɗiye ba. Razi ya rubuta littafi sukutum na shakku a kan Jalinus. Abdullaɗif al-Bagdadi ya duba tarin ƙasusuwan waɗanda yunwa ta kashe a Masar wajen shekarar 1200, ya ga muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne, alhali Jalinus ya ce biyu. Ibn Nafis (ya rasu 1288) ya musanta cewa jini yana ratsa bangon da ke tsakiyar zuciya. A Turai, makarantar likitanci ta Salerno a Italiya tana koyar da fiɗa da alade a ƙarni na 12, bisa hujjar cewa kayan cikinsa sun fi kama da na mutum. A 1543 Andiriyas Fesaliyus ya nuna cewa kurakuran Jalinus da dama sun samo asali ne daga ɗora siffar dabba a kan mutum, kamar hanta mai rassa biyar. A 1628 Wiliyam Harbi ya bayyana zagayawar jini, wanda ya rushe batun cewa hanta ce ke ta ƙera jini daga abinci gaɓoɓi suna shanyewa.

Abin da binciken baya ya nuna game da tumbi

Maganar dahuwa da ƙarfi huɗu ta faɗi, tunda an gano ruwan tsami da sinadaran da ke narkar da abinci. Abin da ya gani da idonsa kuwa ya fi bayaninsa daɗewa. A ƙarshen shekarun 1890 Walta Kanon na jami'ar Harvard a Amurka ya haɗa abinci da sinadarin bismut ya ba kyanwoyi, ya kalli tumbinsu da hoton eksire ba tare da yanka ba. Ya ga sashen sama yana riƙe abinci kamar rumbu, sashen ƙasa kuma yana ta murza shi da motsin tatsa tun ba a daɗe da ci ba. Ashe kowanne cikin Jalinus da Erasistiratus rabin tumbi ya bayyana. Mai yiwuwa tsayawa cik da Jalinus ya gani tana da alaƙa da yankan kansa, domin buɗe ciki yana dakatar da motsin tumbi da hanji na wani lokaci, abin da likitocin tiyata suke gani har yau. Batun kununsa ma yana da tushe: farkon ƙaramin hanji yana auna kitse da ƙarfin abincin da ke shigo masa, ya aika wa tumbi saƙon ya rage turowa, shi ya sa ruwa zalla yake wucewa da sauri amma kunu mai kauri yake jimawa.

Abin da bai gani ba shi ne aikin hanjin da babu komai a cikinsa. A 1969 Yusuf Shurshefski ya nuna a jikin karnuka masu azumi cewa wani motsi mai ƙarfi yana tasowa lokaci-lokaci, ya bi ƙaramin hanji daga sama har ƙasa yana share saura. A jikin mutum yakan dawo duk bayan minti 90 zuwa 120, cin abinci kuma yana katse shi. A lokacin wannan shara ne ƙofar tumbi take buɗewa sosai, manyan abubuwan da ba su narkewa, irin zoben da Jalinus ya ambata, su samu wucewa. Yawancin ƙugin da mai jin yunwa yake ji ma daga nan yake.

A 1976 wasu masu bincike biyu a Tulus ta ƙasar Faransa, Ruckebusch da Bueno, suka koma kan alade. Sun dasa siraran wayoyi a bangon tumbi da hanjin aladu, suka riƙa ɗaukar wutar da tsoka ke fitarwa dare da rana, dabbobin suna ci suna barci. Aladen da ake ba abinci sau ɗaya a yini ya cika tumbi, motsin sharar yakan ɗauke masa na sa'o'i da dama, wani motsi marar tsari ya maye gurbinsa. In an raba abincin sau biyu, katsewar takan gajarta. Wanda kuwa aka bar wa abinci a gabansa yana ɗan tsakura duk lokacin da ya so, sharar tana ci gaba da zuwa a kan lokacinta kamar bai ci komai ba, irin yadda take yi a cikin tumaki da shanu.